Garkar Baba mai huren daji a bakin gulbi, abin da na gani da abin da ban ji daɗinshi ba

Salamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye. Ƙawaye da ƴan uwa sun dame ni da tambaya ina na samo kariya, itacen nan mai jan hure da ke tsakar gidana, wasu har cewa suke in yanko masu reshe, to ga bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Wurin wani dattijo na saye, mai garka a gangaren gulbi ƙasan tsohon gari, kuma tun daga farko in faɗa maku gaskiyata, wurin ya cancanci a je, na ji daɗin kayanshi ƙwarai da gaske, amma akwai abubuwan da ban yarda da su ba kuma zan faɗe su don amana ce.

Duk wanda ya taɓa neman shuka a garin ga ya san abin da ake samu wurin masu pepinyar na bakin gudron. Dogon yaro, turare, bugenbil, mangwaro, lemu, sai ƴan hurannin ado cikin baƙar leda. Ba laihi ba ne, dogon yaro ya yi mana rana a Maradi wallahi, ba don shi ba da ban san inda mutane za su sa kansu ba a watan Afirilu. Amma dogon yaro daga Indiya ya hito, turare daga Ostiraliya, bugenbil daga Amurka ta Kudu, kuma in ka ce ma mai pepinyar kana son sabara ko yoɗo kallonka zai yi ya ce wannan ai ciyawa ce je ka daji. To dajin ina? Inda muke zuwa tsintar aduwa muna yara yanzu duk an yanka huloti an yi gini, unguwar Zariya kaɗai ta isa shaida. Ƴaƴana sun san sunayen ƴan ƙwallon Turai kaf amma ba su iya bambanta kalgo da sabara, wannan abu shina ci mani rai sosai, shi ya sa da na ji labarin dattijon ga ban yi wata-wata ba.

Wurin ba shi da allo ba shi da suna, darni ne na kara da ƙaya, da rijiya a tsakiya, da wata babbar tsamiya inda shike shimfiɗa tabarma. Ɗan kabu-kabu zai kai ka har bakin gangare, daga nan sai ƙafa don yashi ya yi yawa, ka tambayi masu garkar salati da tumatir ina Baba mai huren daji za su nuna maka. In za ka sayi kaya da yawa gara ka ɗauki adaidaita ya jira ka a sama. Farkon abin da zai tarbe ka ƙanshi ne da kukan zuma, don ya rataya amya bisa tsamiyar, kuma ba a jere kayan suke ba irin na kanti, wani cikin leda, wani cikin tsohon gwangwanin tumatir, wani cikin fasasshen tulu, wani ma a ƙasa kawai shike ya tsiro ya bar shi.

Na gaishe shi na ce Baba ina wuni ina gajiya, ya ce lahiya lau ɗiyata, mi kike nema, na ce hure nike so wanda ba ya shan ruwa da yawa don faktir ɗin pampo ta ishe mu. Bai ce komi ba ya ja ni wurin kariya.

Kariya ita ce wadda kuke ta tambaya. Gindinta kumburarre ne, a nan take ajiye ruwa, rassanta gajeru masu kauri, kuma abin da ya sa nike sonta shi ne lokacin da take hure. Da rani, sa'adda ganyenta ya zube, ƙasa ta bushe, iska na kwaso ƙura, lokacin ne za ka ga ta hito da hure ja-ja mai haske a baki fari-fari a ciki, itace ba ganye sai hure zalla. Tawa in na ba ta ruwa sau ɗaya a sati ya ishe ta, da damina ma ba na kula ta sam, abin da ke kashe ta shi ne yawan ruwa, gindin ya ruɓe. Baba ya haɗa mani ƙasarta da kanshi, yashin gulbi da ɗan busasshen taki, ya ce kada in kuskura in sa ta cikin laka. Mutanen Tailan sun ɗauki wannan itacen namu na Afirka da ƙasar Larabawa sun yi ta aure-aurenshi suna hitar da launi iri-iri suna saida ma duniya da tsada, mu kuma nan muna wuce ta a daji ba mu ko waiwaya. Amma fa ku ji da kyau, kariya dahi ce. Ruwan jikinta ne maharban zamanin da suke shafa ma kibiya, masunta kuma a wasu wurare suna zuba ta a ruwa kihi ya taso. Baba ya maimaita mani wannan har na ji kamar faɗa shike, ya ce ɗiyata in kina da mai rarrafe ki ɗora ta bisa katanga, in kin yanke reshe ki wanke hannu da sabulu kahin ki taɓa ido ko abinci. Wannan gargaɗin kaɗai ya sa na ba shi amana, don mai neman kuɗɗi kawai ba zai faɗa maka aibin kayanshi ba.

Sai lalle. Mu mata mun san garinshi, mun san ƙunshi ranar jajibirin salla, mun san daren sa amarya lalle da kuka da guɗa da gwaggwanni na riƙe da ita, amma ku gaya mani tsakani da Allah mu nawa ne cikin ƴan yanzu munka taɓa shinshina huren lalle? Ƙanana ne farare a tare a kan reshe, ba su da wani kyan gani na a zo a gani, amma ƙanshinsu da magariba shina cika gida har maƙwabta. Kakata tana da lalle a bayan ɗakinta, ta kan tsinko huren ta sa cikin adaka tsakanin zannuwa, in ta hiddo zane ranar biki ka san daga ina ƙanshin ya hito. Da na shinshina na garkar Baba hawaye ya zo mani wallahi. Na sayo na dasa kusa da wurin alwala inda ruwa ke zuba, ya kama ba wahala, kuma yanzu ganyen da nike dakawa nawa ne na san abin da ke ciki. Ina faɗin haka ne saboda baƙin lallen nan na kanti da ake zane da shi, da yawa ana sa mashi sinadarin rinin gashi, kuma mun ga ƴan mata da hannu ya kumbura ya yi ƙuraje ana gobe ɗaurin aure. Lallen gaskiya ja shike yi, ba ya baƙi wuluk cikin minti goma.

Yoɗo kuma iri ya ba ni cikin ƙullin takarda, ya ce in watsa in ruwa ya sauka. Mutanen Kano karkashi suke ce mashi. Kowa ya san miyarshi da yauƙinta, tsohhi kuma sun san da shi ake wanke kai kahin shamfu ya zo, gashi ya yi laushi kitso ya yi daɗi, amma hurenshi fa? Kamar ƴar ƙararrawa mai ruwan hoda da ɗigo-ɗigo a ciki. Ya bazu a gindin katangata, sahe in hito in tarar ya buɗe. Haka gasaya da farin hurenta mai dogayen gashi, haka tafasa da rawaya, haka yakuwa. Duk abin kwaɗo ne da miya, duk kuma abin kallo ne, ban san wa ya koya mana cewa abin da ake ci ba ya zama ado ba.

Wajen manyan itatuwa shina da aduwa da bagaruwa da kalgo da ɗorawa da dakwara, ƙanana cikin leda. A nan ne hirar ta yi tsawo don kowane ya ɗauko sai ya ba ka tarihinshi. Aduwa ya tuna mani da dubagira, sabon toho da hurenta da ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli lokacin bazara sa'adda ba wani ɗanyen ganye a gari, ga allon da munka yi karatu da shi na itacenta ne, ga man da ake hiddawa daga ƙwallon. Bagaruwa hurenta ƴan dunƙule ne rawaya masu taushi, kuma da ƴaƴanta majema ke jeme fata, fatar jar akuyar Maradi da ta yi suna har Turai ai da bagaruwa anka san ta. Dakwara ita ke ba da ƙaron da malamai ke sawa a tawada. Ɗorawa kuwa, wayyo, tutun ɗorawa, jan dunƙulen nan da ke reto a dogon igiya, yara su tashi da asuba su je shan zaƙin da ke ɗiga daga jikinshi kahin rana ta hito, daga baya a samu garin ɗorawa a samu kalwa a yi daddawa. Baba ya ce mani gaskiya ɗorawa ta hi son kudu wajen Madarunfa da Gabi inda ruwa ya hi yawa, a tsakar gidan birni wahala za ta sha, ya hana ni saye. Kun ji fa, mai kaya ya hana ka sayen kayanshi.

Sabara ma mun daɗe a kanta. Duk macen da ta haihu a ƙasar Hausa ta san ganyen da ake tsomawa cikin tafasasshen ruwa a yi wankan jego har a yi arba'in, sabara na ciki, makiyaya kuma suna turara ta a garke don ƙudaje da murar dabbobi. Hurenta ɗan dunƙule ne rawaya-rawaya, daga baya ya zama ƴaƴa masu gashi. Ni dai ina girmama al'adar iyayenmu amma a nan ina tare da likitoci, ruwa mai zahi ƙwarai da kwanciya bisa gadon wuta da yawan kunun kanwa suna wahal da zuciyar mai jego, an daɗe da gano haka, a yi wankan da ruwa mai ɗumi ya isa. Da na faɗa ma Baba haka ya yi shiru ya ce to ɗiyata zamani ne, bai yi gardama ba amma na ga bai gamsu ba.

Abin da ya hi burge ni shi ne abin da ya ƙi sayarwa. Ina nan zaune wani matashi ya zo da waya ya nuna mashi hoto, wai ya ga wani hure mai ruwan hoda a gonar hatsi kan hanyar Tibiri, kyakkyawa, shina son iri ya shuka a gida. Baba ya duba ya ce yaro wannan ai ƙuduji ne, ko jika goma za ka ba ni ba zan ba ka ba. Ya zaunar da shi ya yi mashi bayani yadda saiwarshi ke manne ma saiwar hatsi da dawa tana tsotse su tun ƙarƙashin ƙasa kahin ma a gan shi, hatsi ya tsaya ya yi ja ya ƙi hidda kai, kuma tushe guda na zubar da iri dubbai ƙanana da ke iya kwana cikin ƙasa sama da shekara 10 suna jiran a shuka hatsi. Ya ce in ka gan shi ka tuge kahin ya yi iri ka ƙone. Yaron ɗan birni ne bai taɓa riƙe hauya ba, ba laihinshi ba ne, amma da wani wuri ya je da wataƙila an karɓi kuɗɗinshi.

Tumfafiya ma ba ya saidawa, ya ce wa zai sayi abin da ke bayan kowane kango. Amma ya bar guda a kusurwa don a nuna ma yara. Ku tsaya wata rana ku dubi hurenta kusa, fari da shuni a baki, tauraro sak, mun raina ta ne kawai don yawanta. Ƙwallonta da muke fasawa da ƙafa muna yara, audugar ciki da ake cusa matashi, karanta da ake rufin ɗaki don gara ba ta cika sonshi ba, duk ya lissafo, ya ƙara da cewa farin ruwanta in ya shiga ido shina iya makantarwa. Manoma kuma sun san in ta yi yawa a gona to ƙasar ta gaji.

Akwai wani rabin tano da ya cika da laka da ruwa ya sa bado a ciki. Wanda duk ya je tabkin Madarunfa bayan damina ya san bado, faffaɗan ganye kwance bisa ruwa da farin hure da ke buɗewa da dare ya kai hantsi sannan ya ruhe. Tabkin nan da ke da kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara, kuma tun 2019 shina cikin jerin wuraren dausayi na duniya da ake karewa. Tsohhi za su gaya maka shekarun yunwa da ƴaƴan bado da tushenshi anka rayu, kamar yadda anka rayu da anza a tudu. Na so in saya amma na tuna sauro, ruwa kwance a tsakar gida da ƙananan yara ba dabara ba ce, Baba ya ce sai dai in sa ƴan kihi a ciki su cinye tsutsar, na ce a bari tukuna.

Maigidana ya ce in tambayo mashi gawo don gonarmu ta ƙauye. Nan ma Baba ya ce kada mu ɓata kuɗɗi, ya ce ku je ku duba gonar da kyau kututture na nan da rai a ƙasa, ku zaɓi toho mai ƙarhi ku sassabe sauran ku kare shi daga awaki, cikin ƴan shekaru zai wuce wanda kunka dasa. Sassabin zamani ke nan da kowa ya sani a jihar ga. A nan Maradi abin ya faro wajen 1983 da wani ɗan Ostiraliya Tony Rinaudo tare da manoman karkara, ya bazu bayan yunwar 1984, har ana lissahin hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 da sunka dawo a Nijar ta wannan hanya, mutumin ya samu babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. Baba ya ce shi da idonshi ya ga lokacin da gonaki sunka zama hili fetal iska na binne shuka da yashi, ya kuma ga dawowar gawo. Gawo dai kun san halinshi, da damina ya zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi kore ya yi hure ya ba dabbobi ƴaƴa.

To yanzu abin da ban ji daɗinshi ba. Babba shi ne manyan kariyar da ke wurin, masu gindi kamar turmi, ba shi ya rene su ba, yara ke haƙo su daga daji su kawo mashi ya saya. Haka albasar kwaɗi, wadda ke hiddo babban farin hure mai jan zane da ruwan farko, ita ma haƙo ta ake. Na ce Baba wannan fa in kowa ya yi haka dajin zai ƙare, itacen da ya shekara ashirin ko hiye a wurinshi a tuge shi rana ɗaya don wani alhaji ya sa a ƙofar gida. Ya ce masu kuɗɗi manya suke so ba su da haƙurin jira, shi kuma shina da iyali. Na gane uzurinshi amma ban karɓa ba, kuma ina roƙon duk wanda zai je don Allah ya sayi ƙanana da ya shuka daga iri ko ya dasa daga reshe, suna nan da yawa kuma sun hi arha, in ba mai sayen manyan za a daina haƙowa.

Na biyu maganar magani. Baba ya san itace, wannan ba shakka, amma in mutum ya ce mashi ciki na ciwo ko sukari ya hau nan take zai ce jiƙa kaza sha kaza, ba awo ba komi. Na ji shina gaya ma wata mata ta ba yaro hilasko, kuma kowa ya san yadda hilasko ke wanke ciki, babba ma ya ji jiki balle yaro. Ku sayi shuka wurinshi, ku ji tarihi, amma ciwo a kai asibiti. Sauran ƙanana ne, ba a rubuta sunan komi ba, in ba ya nan jikanshi ne ke tsare wurin kuma bai san rabin kayan ba, ranar Juma'a da Litinin da sahe sau da yawa shina kasuwa, ledoji sun yi yawa a ƙasa har iska na kai su cikin gulbi. Sabarar da na saya ma ba ta kama ba, amma ya riga ya gaya mani ba ta son dashe, kuma da na koma ya ba ni kalgo a madadinta bai karɓi ko dala ba.

Kuɗɗin kaya ba tsada. Ƙullin iri dala 20, ƙananan itace cikin leda dala 50 zuwa dala 100, ƙaramar kariya jika guda, manyan ne ke kai jika 5 zuwa sama kuma na riga na ce a bar su. Ana ciniki amma don Allah kada a matse tsoho, ruwan da shike ja da guga kullum ya hi abin da shike samu. Ku tahi da canji don ba ya da shi, ku tahi da kwali ko bokiti na ɗauko kaya, ku kuma tahi da lokaci, wanda ke sauri ba zai amfana ba don rabin abin da za ka samu a bakinshi shike. Kariya da lalle ana iya dasawa kusan kowane lokaci in kana da ruwa, amma itatuwa da iri ku jira watan bakwai na manoma in ruwa ya zauna, kada ku bari sai 3 ga Agusta ranar dashen itace don lokacin ƴan lakwal da ma'aikata sun kwashe masu kyan. Ku tanadi ƙaya ko waya tun kahin ku dasa, awakin unguwa ba su barin komi.

In kuna da yara ku tahi da su. Nawa ya sa su murza ganyen ɗoɗɗoya su shinshina, ya tambaye su sunan kowane itace, wanda ya faɗi daidai ya ba shi aduwa, ƙaramin har yanzu in mun hita gari shina nuna mani bagaruwa ta tagar mota. Na ce ma Baba in ya yarda zan kawo ƴan alluna in rubuta sunayen da Hausa a kafa gaban kowace shuka, ya ce to ɗiyata Allah shi yi albarka, mun aje magana sai bayan salla. Duk mai fenti ko guntun katako da ba ya amfani da shi ya yi mani magana.